Ɗurin harsashin libarba, iyakar matsi, da maganar bindigar kawunka

Wani matashi daga Ɗorayi ya aiko mini da tambaya mai rassa biyu. Ya ce yana ganin Amurkawa a YouTube suna tsince kwanson harsashin libarba, wato bindigar hannu mai ganga da ke juyawa ta kawo harsashi ɗaya bayan ɗaya, bayan sun yi harbi, su koma gida su sake ɗura shi da hannunsu, suna ta nanata cewa kada a wuce iyakar matsi. Yana so ya san wane matsi ne wannan, yaya suke gane sun kusa iyakar, kuma ko abu ne da mutum zai iya koya a nan Kano. Sai can ƙarshe ya maƙala wata kamar ba komai ba: kawunsa mafarauci ne mai bindigar toka, wani ya ce masa in ya farke harsashin bindiga mai baki biyu ya juye garin cikinsa a tasa, za ta fi ƙarfi, ga shi babu hayaƙi. Ya rufe da cewa, "Baba Injiniya, haka ne?"

Ɗana, tambayarka ta ƙarshe ta fi ta farko gaggawa. Kafin ka ci gaba da karatu, ɗauki waya ka kira kawun naka ka ce masa kada ya kuskura. Dalilin zai zo a ƙasa, kuma ba za ka gane shi sosai ba sai mun bi ta kan libarbar.

Ni ba maharbi ba ne. Shekara talatin da ɗoriya na yi a kan tukwanen tururi da tankunan iska a masana'antun Sharaɗa da Chalawa, wato duk wani ƙarfe da ake cusa wa ƙarfi a ciki ana fatan ya riƙe. Bindiga kuwa, in ka cire mata kwarjininta, 'yar uwarsu ce: bututu ne da aka toshe gindinsa, aka kunna wuta a ciki. Ɗurin harsashi kuma na gan shi da idona lokacin da nake karatu a Amurka, a gidan wani tsoho da na yi haya.

Abu huɗu ne a cikin harsashi: kwanson tagulla, ɗan ƙyastun da ke gindinsa, albarushi, sai dalmar da ke baki. An ja kunama, guduma ta doki ƙyastu, ƙyastu ya tofa wuta, albarushi ya ƙone ya zama iska mai zafi da ba ta da wurin zama. Ita ce ke tura dalma waje. Amma iskar ba ta san dalma ba, ba ta san bango ba. Da ƙarfin da ta tura dalma, da shi take tura ƙarfen da ke kewaye da kwanso. Duk wannan yana farawa ya ƙare cikin kamar kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Ƙiftawar idonka ta ninka shi tsawo fiye da sau ɗari.

In mai faci ya sa geji a tayar motarka, abin da yake nema, a awon matsi da ake kira psi, bai wuce 32 ba ko kusa da haka. Tulun iskan da masu walda ke yankan ƙarfe da shi, wanda kowa ke kaffa-kaffa da shi in ana sauke shi daga mota, yana ɗauke da wajen psi 2,000. To harsashin libarba nau'in .38 Special, wanda masu harkar ke wa kallon mai sanyin hali, iyakarsa psi 17,000 ce. Na .357 Magnum 35,000, na .44 Magnum 36,000, tsohon .45 Colt kuma 14,000. In lambobin ba su zauna maka ba, ɗauki na .357: gindin dalmarsa milimita 9 ne, bai fi maɓallin riga ba, amma a wannan ɗan lokacin yana ɗaukar turi kamar na buhun siminti 32 an jibge a kansa. Bangon da ke riƙe wannan a gangar libarba, a inda ya fi siranta, bai fi kaurin kwandala ba. Hannunka na ƙasa da shi, fuskarka na bayansa.

Waɗannan iyakoki ba wani ne ya ƙaga su da ka ba. A Amurka ƙungiyar masu ƙera bindiga da harsashi, SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ita ke fitar da su. A Turai akwai hukumar gwajin bindigogi ta CIP tun 1914, kuma a ƙasashen da ke cikinta, irin su Ingila da Jamus da Beljiyam da Italiya, ba a sayar da bindiga sai an kai ta gidan gwaji an harba mata harsashin da aka ƙara wa matsi da gangan, kusan kashi 30 cikin 100 ga ƙaramar bindiga, ta tsira, sannan a buga mata hatimi a jikin ƙarfe. Gidan gwajin Bamingam a Ingila yana wannan aiki tun 1813. Shi kansa matsin da na'ura ake auna shi, a bututun gwaji na musamman. Da, ɗan guntun jan ƙarfe ake sawa, iska ta matse shi, a auna yadda ya gajarce. Yanzu wata na'urar lantarki ce ke zana yadda matsin ya hau da yadda ya sauka.

Ga amsar tambayarka ta yadda suke gane sun kusa iyaka: yawancinsu ba su da abin aunawa, aro suke yi. Kamfanonin albarushi da na dalma da na kayan ɗuri, irin su Hodgdon da Speer da Hornady da Lyman, su ke da ɗakunan gwaji. Su ke harba dubbai, su buga sakamakon a littafi, cewa da wannan dalma mai nauyi kaza, da wannan albarushi, da wannan ƙyastu, da wannan tsawon harsashi, ga inda za a fara, ga inda ba a wucewa. Mai ɗuri a gida ba ya ƙirƙirar komai. Gwanintarsa ita ce bin abin da aka rubuta sau da ƙafa, ya fara daga ƙasa, kuma kada ya canza ko abu ɗaya daga cikin abin da aka gwada. Wanda ka ga yana fariyar ya gano haɗinsa na kansa, ka tsaya nesa da shi in zai harba.

Tsohon da na zauna a gidansa ya fi shekara arba'in yana wannan aiki a ɗakin ƙasa. Ranar da ya bar ni na zauna kusa da shi, abin da ya fara yi shi ne kashe rediyo, ya leƙa sama ya gaya wa matarsa ko waya aka yi masa ba ya nan. Gwangwanin albarushi ɗaya tak ya ɗora a tebur, sauran na kulle a wani akwati can gefe, don garin ya yi kama da juna, in ka juye wani a mazubin wani ba mai raba su. Ma'auninsa kuma ba da giram yake aiki ba, da wani awo ne da suke kira giren, wanda 15 da ɗan kai ke yin giram ɗaya, kuma har kashi ɗaya bisa goma na giren ɗin ma'aunin ke nunawa. Da ya gama zuba wa kwanso hamsin da ya jera a katako mai ramuka, bai ɗora dalma ko ɗaya ba. Tocila ya ɗauko, ya sunkuya, ya bi su layi-layi yana haska cikin kowanne, bakinsa na motsi kamar mai lazimi. Ya kai ƙarshe ya sake dawowa. Na ce masa, bayan shekara arba'in har yanzu sai ka leƙa? Ya ce shekara arba'in ɗin ce ta sa yake leƙawa.

Abin da yake nema da tocilar shi ne kwanson da aka zuba wa sau biyu, kuma a nan tarihin libarba ya haƙa wa masu ita rami. An fito da .38 Special a 1898, zamanin baƙin albarushi, wato tsohon gari mai hayaƙi irin na bindigar toka, wanda ke buƙatar wuri, don haka aka yi masa dogon kwanso. Da albarushin zamani ya zo, abin da ake zubawa na nau'insa mai saurin ci bai kai rabin giram ba, yana can ƙasan kwanso kamar ragowar sukari a gindin kofi. Ka zuba sau biyu, bai cika ba, bai zube ba, dalma ta zauna daram, daga waje ba abin da zai bambanta shi da 'yan uwansa. Ko a hannu ka jinjina shi ba za ka ji ba. Haka .45 Colt, wanda ya girme shi, tun 1873.

Za ka ce to in an ninka gari, ai matsi ne zai ninka, bindiga mai kyau ta jure. Ba haka lissafin yake ba, kuma wannan shi ne gindin maganar gaba ɗaya. Albarushin zamani, wanda wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya fara haɗa irinsa mai amfani a 1884, yana da wata ɗabi'a: saurin cinsa ya dogara ga matsin da ke kansa. In ka zuba kaɗan a fili ka kunna, ci zai yi fuu kamar busasshiyar ciyawa. In ka kulle shi, matsi na hawa yana ƙara saurin ci, saurin ci na ƙara matsi, kowanne na ingiza ɗan uwansa. Shi ya sa a kusa da iyaka ɗan ƙari kaɗan ke kawo tsalle babba, ninki kuwa yakan wuce ninki nesa ba kusa ba. A tukunyar tururi muna da bawul da ke buɗewa ya huce in abu ya yi yawa, muna da geji da ke ba mu mintoci mu gudu. Bindiga ba ta da ko ɗaya. Bawul ɗinta shi ne dalmar da ke guduwa, in ba ta yi saurin ba da wuri ba, ƙarfe ne zai ba da.

Kuma ba yawan gari kaɗai ke hawar da matsi ba. Dalma mai nauyi tana jinkirin tashi, matsi ya taru a bayanta. Dalmar da aka tura ciki fiye da kima ta rage wa iska ɗaki. Canza ƙyastu, ko kamfanin kwanso, ko dalma tsura da mai rigar jan ƙarfe, kowanne na taɓa lissafin. Zafi ma haka: harsashin da ya wuni a mota a rufe cikin watan Afrilu a Kano, lokacin da inuwa kanta ke haura digiri 40, ba ɗaya yake da wanda aka gwada a ɗaki mai sanyi ba. Akwai ma nau'in albarushin magnum mai jinkirin ci wanda kamfanoninsa ke gargaɗin kada a rage shi sosai, don in ya yi kaɗan ba ya kamawa daidai. Ka ga ke nan ko ragewar ma ba da ka ake yinta ba.

Yanzu ga wurin da masu bidiyo suka fi ruɗar mutane. Za ka ji suna cewa suna karanta alamu: in ƙyastu ya baje, in kwanso ya yi taurin fita, to an kusa iyaka. Alamun gaskiya ne, amma makararru ne. Tagulla da ƙyastu ba su san wace bindiga suke ciki ba. Ƙyastun da zai zauna lafiya lau a .357 Magnum a psi 35,000 ba zai baje a .38 don ta wuce 17,000 ba. Kafin ya nuna komai, tsohuwar bindigar ta daɗe da ninka abin da aka gina ta a kai. Ƙara da dukan hannu ma ba ma'auni ba ne, don sun fi bin nauyin dalma da saurinta. Har kamfanonin kansu, da na'urar lantarki ta zo, sun rage wasu lambobin da suka buga a tsofaffin littattafansu, saboda sun ga tsinin matsin da jan ƙarfe bai nuna musu ba. In masu ɗakin gwaji sun yi kuskure da kayan aikinsu, ina ga mai duba gindin kwanso da ido?

Bahaushe ya ce sai an gwada akan san na ƙwarai, amma a nan gwajin yana yaudara. Bindiga na iya shanye harbi hamsin na wuce kima ba ta ce uffan ba, alhali kowane harbi yana ɗan buɗe wata tsaga da ido ba ya gani. Mu a wajen aiki gajiyar ƙarfe muke ce mata, irin ta waya da kake lanƙwasawa gaba da baya, ba ta karyewa sai a lanƙwasar da ba ta fi na baya ƙarfi ba. Elmer Keith, makiyayin nan na Amurka da ake jingina wa asalin harsasan magnum, sai da wata Colt .45 ta tarwatse a hannunsa a shekarun 1920 yana irin wannan gwaji. Ya tsira, ya koma kan .44 mai bango mafi kauri, har aka kai ga .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950. Masu ba da labarinsa sukan manta cewa abin da aka fitar kasuwa a ƙarshe sai da Remington da Smith & Wesson suka bi ta kansa da injiniyoyi da na'urori, suka gina masa sabuwar bindiga.

Dubi ma dabarar da suka yi wa .357 Magnum da ya fito a 1935. Kaurin dalmarsa ɗaya ne da ta .38 Special, sai suka ƙara wa kwansonsa tsawon milimita 3 da ɗoriya. Ba wurin gari suke nema ba, so suke kada ya shiga tsofaffin .38 ko da mutum ya so. Mai ɗuri da hannu shi kaɗai ne zai iya rushe wannan katanga, ya zuba ƙarfin magnum a gajeren kwanso, ya ajiye a aljihun tebur, bayan shekara biyar ɗansa ya tsinta ya sa a bindigar kakansa. Shi ya sa a cikinsu akwai ƙa'idar da ba a ja da ita: ba ka harba ɗurin wani, ba ka ba wani naka, kuma kowane akwati da takardarsa. Libarba in ta fashe, ɗakunan sama na gangar ne ke buɗewa, gadar ƙarfen da ke kansu ta ɗage ko ta tashi sama, gutsattsarin kuma gefe suke yi, wajen na kusa da kai.

Akwai kuma kishiyar ninki, wato kwanson da aka tsallake ba a zuba masa komai ba. Ƙyastu kaɗai na da ƙarfin da zai tura dalma ta shiga bututu ta tsaya. Fistol mai ɗura kanta takan cije a nan, ta tilasta ka dubawa. Libarba babu ruwanta, ka sake jan kunama ganga ta juya ta kawo lafiyayyen harsashi a bayan toshe. Duk maharbin da ya ji ƙarar ta zo a raunane, ko bai ji dukan hannu ba, tsayawa yake ya duba bututu.

Dalmar kanta guba ce, a hayaƙinta in ana narkawa, a ƙurarta, har da ƙurar ƙyastun da aka harba. Mu nan ba sai an ba mu labari ba. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Masu fasa tsohon batirin mota su narka a tsakar gida don yin harsashin farauta, yara na rarrafe a wurin, hanyar nan suke bi.

To, za a iya koya a Kano? Ganin Dala ba shiga birni ba ne, ɗana. Dokar Makamai ta Nijeriya, wadda asalinta ke komawa 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Libarba da fistol suna gidan farko tare da bindigogin soja, waɗanda aka haramta sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta irin mai baki biyu tana gida na biyu, a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka tana na uku, a hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha, wanda namu ke Bompai. Dokar ta kuma hana kowa ƙera ko harhaɗa harsashi in ba a ma'ajiyar makamai ta hukuma ba, kuma maganar ɗaurin shekara goma ake yi. Harsashin gwamnati a Kaduna ake yinsa, a masana'antar DICON da aka kafa a 1964. Ko da doka ta yi shiru, duk abin da ya sa aikin ya zama mai yiwuwa ga tsohon nan babu shi a nan: gari mai suna da lambar kamfani, littafin da aka gwada, bindiga mai hatimi. Saboda haka ba zan rubuta maka awon komai ba. In ƙarfe da matsi ne ke burge ka, fannin injiniya a buɗe yake, a Bayero ko a Wudil, kuma ƙasar nan na neman masu duba tukunyar tururi ruwa a jallo.

Mu dawo kan kawunka. Bindigar toka an haife ta ne da baƙin albarushi, kuma shi mai haƙuri ne in aka kwatanta. Kusan rabin abin da ya ƙone ba ya zama iska, hayaƙi da toka yake zama, kuma matsi bai cika zuga shi kamar na zamani ba. Shi ya sa ake iya auna shi da ɗan mazubi, har ma da tafin hannu, a kwana lafiya. Wannan gajimaren da kake gani in 'yan bindigar Sarki suka saki wuta a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ƙasa ta girgiza, dawaki su zabura, shi ne shaidar cewa garin da ya dace da bindigar ke ciki. Garin da ke cikin harsashin bindiga mai baki biyu kuwa na zamani ne, kuma daga cikin mafi saurin ci. An auna shi ne don bututun ƙarfen da aka yi wa gwaji, a ƙarƙashin nauyin da aka lissafa. In kawu ya cika mazubinsa na kullum da shi, ya zuba abin da ya ninka ƙarfin da bindigarsa ta sani sau da yawa, ya danna tsumma, ya dake da sanda. Ko kamfanonin Amurka masu ƙera irin wannan bindiga da ƙarfe mai kyau suna buga gargaɗi a jikin bututun cewa baƙin albarushi kawai. Kada launi ya ruɗe shi ma, garin zamani da yawa baƙi ne ko ruwan toka.

Shekarun baya wani ma'aikacinmu ya shigo ofishina da abu a nannaɗe cikin buhun taki, ya ce in duba masa ko ƙarfen ne marar kyau, don 'yan uwa na shirin kama maƙerin. Bututun bindigar ƙanensa ne. Ya tsage daga gindi kamar tsawon taƙi ɗaya, tsagar a miƙe sak kamar an ja ta da rula, leɓunanta sun nannaɗe waje irin na ɓawon ayaba. Toshen gindin babu shi, sun ce a jikin bishiya aka ciro shi, bayan ya bi ta gefen kunnen yaron. Ina juya shi sai na ga layin ɗinki a ciki: fayif ɗin ruwa ne, irin wanda ake naɗe falle a yi masa walda a tsaye, kuma a kan ɗinkin ya buɗe. Na shinshina, babu warin ruɓaɓɓen ƙwai da baƙin albarushi ke bari, cikin kuma fes babu toka. Na ce masa me yaron ya zuba? Ya yi shiru, can ya ce abokansa ne suka ba shi harsashi biyu ya farke. Yatsu biyu na hannun hagu suka tafi, wanda ke riƙe da bututun. Bindigar nan ta yi shekara shida tana harbi lafiya da garinta. Na ce su ƙyale maƙeri, duk da shi ma fayif ɗin ruwa ba abin yin bindiga ba ne.

Tun da za ka kira shi, ka haɗa masa da waɗannan, ko da zai ce ƙwai ya zo koya wa kaza. Bindigar da ta yi damina a rataye, a zura mata sanda har gindi kafin a ɗura, don zanzaro ba ya samun gida mai daɗi kamar bakin bindiga, kuma ginin laka ɗan mitsitsi ya isa ya kumbura bututu. Ya yi wa sandar ɗurinsa zane a daidai bakin bindiga lokacin da take wayam, ta yadda ko da daddare ya zura zai san ko da ɗuri a ciki. Ɗuri a kan ɗuri ba sakarci ba ne, ruɗewa ce, kuma tana samun kowa: bayan yaƙin Getisbag na Amurka a 1863 an tsince bindigogi fiye da 27,000 a filin, wajen 24,000 a ɗure, kusan rabinsu da ɗuri fiye da ɗaya. Abin da ya ɗora a kan gari ya zauna a kansa sosai, kada a bar sarari a tsakani. Kada ya zuba kai tsaye daga ƙahon albarushi zuwa bututun da aka harba yanzu, don ɗan garwashi na iya maƙalewa a ciki, wuta ta hau ta iske ƙahon a hannunsa. In ya ja kunama ta yi shiru, ya bar bakin a inda ya saita ya jira, kada ya juyo da ita ya leƙa, don garin da ya sha danshi yakan yi jinkiri sannan ya tashi.

In kuma har ya riga ya gwada garin zamanin ko sau ɗaya, bindigar ta tsira, ka gaya masa ta gama aiki. Tsagar da ta fara ba za ta nuna a waje ba, kuma babu wanda zai iya ce masa ga harbin da za ta buɗe a kai. Harsasan da aka ba shi ya mayar wa mai su, ko ya miƙa su ofishin 'yan sanda ta hannun shugaban ƙungiyarsu ta mafarauta. Ka gaishe shi, ka ce in ji Injiniya bututun nan na buhun taki yana nan a ofishina, in yana son ya gani da idonsa ya biyo bayan La'asar.